Maman da Ɗan Karen Saman Bene

A unguwar Shisha ta birnin Makka akwai wani bene mai hawa biyar, da farin fenti da koriyar ƙofar ƙarfe. Shekara goma sha ɗaya Maman ya yi yana gadinsa. Haris ake ce wa mai wannan aiki a can. Shi ke share matakala, shi ke fitar da shara, shi ke tarar motar ruwa, shi ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa har hawa na biyar. Dogo ne siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma tsayawa a bakin titi ya daɗe.

An haife shi a wani ƙauye gabas da Mirya, a ƙasar Damagaram. Ubansa mafarauci ne mai karnuka bakwai, kuma a cikinsu Maman ya tashi. Tun bai kai shekara goma ba ya iya cire ƙaya daga dagin kare, ya iya tsince kaska a bayan kunne. A gidansu kare ba ya shiga ɗaki, ba a kuma wasa da shi, amma ba a zaluntarsa. Sau ɗaya yake ci a yini, tsaki da ruwan dusa. Ranar babbar Sallah kuwa, kafin kowa ya sa nama a baki, uban zai yanko kitse da huhu, ya kira karnukan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Wanda ya yi maka gadi shekara guda, yau ba ya tsayawa yana kallon bakinka.”

A shekarar 1994 Maman ya sayar da gonarsa da bijimai biyu, ya zo aikin hajji da matarsa Rumasa’u. Kwana uku bayan Arfa zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana biyu bayan nan ta cika. Aka yi mata salla a Harami, aka kai ta wata maƙabarta a gefen gari, inda ba a rubuta suna a kan kabari. Ranar da jirginsu zai tashi, Maman ya ɗaure kayansa, ya zauna a kansu har aka gama kiran sunaye, bai amsa ba. Ba su da ɗa, gona kuma ta tafi. Abu ɗaya ya rage da yake so a duniya: in tasa ta zo, a sallace shi a Harami, a kwantar da shi a ƙasar da aka kwantar da ita.

To, amma wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da tabbacin kwana a garin, balle na kabari. Duk wanda aka kama, sai a kai shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, a ɗauki hoton yatsunsa, a sa shi a jirgi, ba shi ba Makka kuma. Maman ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Ya tura keken marasa ƙarfi a wajen ɗawafi, ya wanke motoci, ya zauna a unguwar Misfala har aka rushe lungunsu, ya koma Ka’akiyya. Sau biyu hukuma ta yi afuwa, ta ce duk mai son tafiya gida ya fito ba za a hukunta shi ba. Abokansa da yawa suka tafi. Shi ya zauna. Ya koyi bin lungu, ya koyi sanin motar jami’ai tun daga nesa, ya koyi zama a ɗaki duk lokacin da bincike ya yi zafi. Shekara ashirin da tara ba a taɓa tsayar da shi ba.

Mai benen sunansa Mukhtaru, ana ce masa Abu Sami. Kakansa ne ya zo daga Kano da ƙafa, shi kuwa ɗan ƙasa ne, yana sayar da darduma. Ya ba Maman ɗaki a saman bene, kusa da tankunan ruwa, bai taɓa tambayarsa takarda ba. Yana da ’ya, Arwa, mai haɗa magani a asibiti. Larabci ne harshenta, Hausa kuwa tana yi kamar mai taka tsakuwa ba takalmi.

Wata Alhamis Arwa ta dawo daga Jidda da wani abu a jakar hannu. Uwarta, Khalida, tana leƙawa ta yi salati, ta ce ko ita ko shi a gidan, domin mala’iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Aka yi ta yi har la’asar. A ƙarshe Abu Sami ya yanke hukunci: akwai ɗan ɗakin ajiya a saman bene, jikin na Maman, a sa masa na’urar sanyi, ya zauna can.

Arwa ta hau da jakar, ta buɗe a gaban Maman, wanda take kira Ammi, wato baffa da Larabci.

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Ɗiyata, wannan kyanwa ce ko kurege?”

“Kalb ne, Ammi. Kare. Sunansa Mishmish.”

“Kare? An cuce ki. Karen da na sani, wannan ko lomarsa ɗaya bai kai ba.”

Mishmish ya fito daga jakar, ya kafa ƙafafu, ya dubi mutumin da ya fi shi tsawo sau goma, ya hau haushi har jikinsa na tsalle.

Irin ƙananan karnukan nan ne na ƙasar Ingila, waɗanda aka ce a da ana ajiye su don kama ɓeraye. Nauyinsa kilo biyu da kwata. Gashinsa dogo ne mai santsi, toka-toka a baya, ruwan zuma a fuska, kunnuwa a tsaye, idanu kamar ’ya’yan kanya. Arwa ta tsaya ta jero wa Maman ƙa’idoji tana lanƙwasa yatsu. A taje shi kullum, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe. Kada a ɗaura masa igiya a wuya, maƙogwaronsa ba ƙarfi, sai a ƙirji. Kada ya taka simintin rana, dagi zai ƙone. Abinci sau uku, kaɗan kaɗan, daga cikin buhunsa kawai. Ban da albasa, ban da zabibi, ban da ƙashin kaza.

“Kuma ban da kitse, Ammi. Mamnu’, an hana. Cikinsa ba ya ɗauka.”

Maman ya ce to. A ransa kuwa ya ce, karen da ba ya cin kitse, ai sai a ƙasar da ba a yanka rago.

Da farko aikin ya yi masa kamar wulaƙanci. Ɗan mafarauci, da furfurarsa, yana zaune a kan tabarma yana taje wa kare gashi, yana ɗaure masa na goshi da roba don kada ya shiga ido. Ga shi abin ba ya jin magana. Motar gas ta wuce, haushi. Ladan ya gwada lasifika, haushi. In aka bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka kamar jariri, in aka yi masa faɗa sai ya juya baya ya ƙi cin abinci har sai an lallashe shi. Sanyin na’ura ya yi yawa, ya kama karkarwa. Aka kashe, ya zaro harshe.

Sai wata safiya Maman yana shanya kaya, wani ƙaton ɓera ya fito daga bayan tankin ruwa. Kafin ya ɗaga takalmi, Mishmish ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa kamar an harba shi, ya cafki ɓeran a ƙeya, ya girgiza sau biyu, ya yar. Ya dawo ya tsaya a gaban Maman, robar goshinsa ta karkace, yana jiran a yi magana.

Maman ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, “Ashe akwai jini. Ka yafe ni.”

Daga ranar ya fara yi masa hira. Da Hausar Damagaram yake yi masa, wadda ya daɗe bai sami mai saurare ba. Ya ba shi labarin dajin gabas da Mirya, da yadda ake fita farauta bayan girbi, da karnukan ubansa da halin kowanne. Mishmish zai ɗora haɓa a kan ƙafarsa, kunne ɗaya a tsaye, har barci ya ɗauke shi. Arwa takan hau da safe kafin ta tafi aiki, ta kuma hau in ta dawo, amma sauran yinin duk nasu ne su biyu. Haka suka yi shekara biyu da wata huɗu.

Maman yana da aboki ɗaya, Rabe, mahauci a kasuwar dabbobi ta Ka’akiyya, shi ma ba takarda. Duk zuwan da zai yi sai Mishmish ya kama masa ƙafar wando.

“Kai, janye shaiɗanin nan! Maman, ka ba ni kunya. Ka ƙi gida don a binne ka a ƙasa mai tsarki, ka ƙare a kitson kare.”

“Malamanmu na gida sun ce duk mai rai tsarkakakke ne. In ya sa baki a ƙwarya, a wanke sau bakwai, shi ke nan.”

“To ai kai kullum cikin wanke ƙwarya kake. Yaushe za a kai maka lefensa?”

“Ranar da ka daina warin tumbi.”

Hajjin 2023 ya zo a tsakiyar zafi. A wannan karon Abu Sami ya ba da hayar benen ga alhazai, domin Shisha tana kusa da Mina, ya kwashi iyalinsa suka tafi Ɗa’ifa. Arwa ba ta bi su ba, an tura ta aiki a wani asibitin alhazai a Mina. Kafin ta tafi ta hau sama da sabon buhun abinci, ta sumbaci Mishmish a ka, ta ce wa Maman, “Ammi, bana taftish ya yi yawa, ana bincike a kowane titi. Kada ka fita, ko bakin ƙofa.”

“Ni za ki koya wa ɓuya?”

Ranar takwas ga wata alhazan suka tafi Mina, benen ya zama babu kowa sai su biyu.

Ranar Laraba aka yi Sallah. Bayan azahar Rabe ya biyo ta lunguna da leda a hannu: hanta, da tsoka, da kitsen wutsiyar rago fari sol. Suka hura gawayi a inuwar tanki. Ƙamshi ya tashi. Mishmish ya zo ya zauna a gabansu, ba haushi, ba tsalle, yana bin kowace loma da ido daga wuta har baki.

A Sallolin da suka wuce Arwa tana gida, ita take ba shi abinci da hannunta ranar. Wannan ce ta farko da Maman ya ci naman layya kare na kallonsa. Ya kai tsoka baki, ya fasa, ya jawo kitsen gabansa.

Rabe ya ce, “Ba an ce ba ya cin kitse ba?”

“Faɗar likitoci ce. Mu da muka tashi cikin karnuka, wanne kitse ya taɓa kashewa? Shekara guda yana yi mini gadi. Ba zan ci yana kallon bakina ba.”

Ya yanko kitse kamar girman ƙwan kaza, ya gasa, ya yayyanka, ya hura ya huce, ya kira shi da sunansa. Mishmish ya cinye, ya lashe kwanon, ya nemi ƙari. Maman ya ƙara masa. Ya ji daɗi a ransa irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Da safiyar Alhamis ya tarar da amai a wuri huɗu. Mishmish yana tsaye a lungu, bayansa a tanƙware, yana karkarwa. Maman ya kai hannu cikinsa, ɗan karen ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba. Ya jiƙa ’yar kanwa ya ɗura masa da cokali, yadda ubansa yake yi wa nasa, ta dawo nan take. Ya ba shi ruwa zalla, shi ma ya dawo. Kafin azahar ya daina tsayuwa. Ya kwanta a gefe ɗaya, ido a buɗe, dasashinsa ya bushe.

Sau shida Maman yana kiran Arwa, sai bayan la’asar ta ɗauka. Ana jin hayaniyar mutane a bayanta. Bai ɓoye mata komai ba.

Ta ce, “Kitse nawa?”

Ya faɗa mata.

“Ya Allah. Ammi, sai an ƙara masa ruwa ta jijiya, yau, ba gobe ba. Ɗan jikin nan ba ya jure kwana biyu. Akwai likitan dabbobi a hanyar Ka’akiyya, yana buɗewa saboda layya.” Sai ta katse kanta. “La, la. Kada ka je. Ni ba za a bar ni in fito ba sai Asabar, Baba kuma yana Ɗa’ifa, hanya a rufe take. Ka bar shi. Ka ji ni, Ammi? Kare ne.”

“Na ji, ɗiyata.”

Ya ajiye wayar, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin. Ya san abin da ke kan titi. Daga saman benen ma ana hango motocin jami’ai a mahaɗar hanya. Ya san shekarunsa sun kai saba’in da ɗaya, abin da yake jira bai yi nisa ba, in ya yi haƙuri ya zauna a ɗaki. Da ciwon daga Allah ya zo kai tsaye, da wataƙila ya zauna. Amma da hannunsa ya gasa, da hannunsa ya hura, da bakinsa ya kira shi.

Ya jiƙa tawul, ya naɗe Mishmish, ya sa shi a jakar da aka kawo shi a ciki. Ya sa farar riga mai tsabta, ya kulle ɗaki, ya rataye makullin a ƙusar bayan tanki inda Abu Sami zai gani.

Ya bi lungu har inda lungu ya ƙare. Mai tasi na farko ya tambaye shi iƙama tun kafin ya buɗe ƙofa, da ya ji babu ya ja motarsa. Na biyu ya ɗauke shi, amma da ya ji nishi daga cikin jaka ya leƙa, ya taka birki ya ce ba a sa masa najasa a mota. Maman ya sauka ya ci gaba da ƙafa. Kwalta tana hucin wuta. Yana tafiya yana sa yatsa cikin jakar don ya ji ko ƙirjin na motsi.

A ƙarƙashin wata gada aka tare hanya da shinge. Babu lungu a dama, babu a hagu. Ya tsaya kamar taki ashirin daga wurin, yana iya juyawa, ba wanda ya lura da shi tukuna. Ya ci gaba.

Wani jami’i mai ƙaramin gashin baki ya ɗaga masa hannu. “Iƙama, ya hajj.”

“Babu.”

“Ka manta a gida?”

“Babu ita. Tun 1994.”

Jami’in ya dube shi da kyau, kamar yana jiran ya gyara maganarsa. Ya nuna jakar. Maman ya buɗe. Jami’in ya ja baya kaɗan, sannan ya matso.

“Naka ne?”

“Amana ce. Ni na ba shi abin da ya kwantar da shi. Likita yana gaba, ba nisa.”

Jami’in ya je ya yi magana da na gaba da shi, ya dawo ya ce, “Ya ammi, ba ni da ikon sakinka. Amma wurin likitan yana kan hanyarmu. Shiga.”

A bayan motar jami’ai Maman ya ƙarasa tafiyar, jakar a kan cinyarsa. Likitan wani Basudane ne, rigarsa duk jinin raguna. Ya ɗaga fatar wuyan Mishmish, ya taɓa cikin, ya tambayi abin da ya ci. Da ya ji, ya girgiza kai, ya shiga neman allura mafi ƙanƙanta a cikin kayansa. Maman ya ba shi lambar Arwa. Ya so ya tsaya ya ga an sa ruwan, amma jami’in yana bakin ƙofa, kuma ya riga ya yi masa alherin da ba a roƙa sau biyu. Ya shafa kan ɗan karen da yatsa biyu, ya fita.

Kwana talatin da takwas ya yi a gidan tarhil. Abu Sami ya yi ta shiga da fita, bai sami hanya ba. A mako na biyu aka bar shi ya yi waya da Arwa. Ta ce Mishmish ya tashi, kwana biyar ya yi a wurin likita. Ta fara kuka tana neman gafara, da Larabci da Hausa a haɗe.

“Ke me kika yi? Yana ci?”

“Yana ci, kaɗan.” Ta rage murya. “Ammi, Mama ta ce ba mai kula da shi a sama yanzu. Sabon haris ba ya taɓa kare. Na kai wa wata ƙawata a Jidda. Tana da kirki, wallah.”

Maman ya ce, “To, madalla.” Na bayansa a layi ya taɓa masa kafaɗa, ya miƙa wayar.

Ana gobe za su tashi aka kira su ɗaya ɗaya gaban wani ma’aikaci mai cike takarda. An riga an ɗauki hoton yatsunsa goma. Ma’aikacin ya ce jirgin Yamai zai sauka, ya tambaye shi wa zai tarye shi a can, a rubuta suna.

Maman ya ce, “Rubuta Issoufou, ƙanena.” Sai ya tuna an aiko masa da rasuwar Issoufou shekara tara da suka wuce. Ya ce a’a, a goge. Ya ambaci wani ɗan kawunsa, ya tuna shi ma. Ya tsaya yana lalube a ransa, gida gida, daga bakin kasuwar ƙauyensu har rijiya.

Ma’aikacin ya jira shi, alƙalami a hannu. Da shirun ya yi tsawo, ya ja layi a wurin, ya ce, “Na gaba.”